FASHIN BAƘI: Tiyata ko gashi? Zaɓin da ke gaban ɗan wasa idan jijiyoyin kafaɗarsa suka matse

A ranar 4 ga Disamba, 2018, aka bayyana sunan ciwon da ya shafe fiye da shekara guda yana hana Markelle Fultz jefa ƙwallo cikin kwando. Fultz shi ne matashin da ƙungiyar Philadelphia 76ers ta ɗauka a matsayi na ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasan gasar NBA ta Amurka na shekarar 2017, yana da shekara 19. Lokacin da yake Jami'ar Washington yakan ci maki 23 a kowane wasa, kuma cikin jifa 100 na nesa masu maki uku, 41 kan shiga. Yana shiga NBA sai hannun ya ƙi ba shi haɗin kai. Jifan da ya sa aka ɗauke shi ya ɓace, har bidiyon yadda yake kokawa da ƙwallo a layin fanareti ya zama abin barkwanci a intanet.

Ciwon da likitoci suka gano shi ne matsewar jijiyoyi a mashigar ƙirji, wanda suke taƙaita sunansa da haruffan TOS. Duk ɗan wasan da aka faɗa masa wannan suna yakan samu kansa tsakanin hanyoyi biyu: ko dai ya shiga dogon gashi da atisaye a hannun likitan fisiyo, ko kuma a kwantar da shi a cire masa haƙarƙari ɗaya da wasu tsokokin wuya. Fultz ya bi hanyar farko. Matt Harvey da Stephen Strasburg, manyan masu jifa a wasan besbol, sun bi ta biyu. Abin da ya biyo baya a rayuwar waɗannan mutane uku ya nuna abin da kowace hanya ke iya bayarwa, da abin da ba ta iya mayarwa.

Mene ne wannan ciwo?

Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa abubuwa daban-daban, don haka sai an rarrabe. Akwai jijiyoyin jini, waɗanda jini ke gudana a cikinsu. Akwai kuma jijiyoyin saƙo, waɗanda ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka, su kuma mayar da labarin zafi, sanyi ko taɓi. Jijiyoyin saƙon da ke sarrafa hannu suna fitowa ne daga laka ta saiwoyi biyar a ƙasan wuya, su sarƙe da juna kamar igiyar da aka tufka, sannan su gangara zuwa hammata, damtse da yatsu. Manyan jijiyoyin jini biyu na raka su: mai kai jini hannu da mai dawo da shi.

Hanyar da wannan ayari ke bi ƙunci gare ta, kuma akwai wurare uku da take ƙara tsukewa. Na farko shi ne tsakanin wasu tsokoki biyu na gefen wuya waɗanda ke manne da haƙarƙarin farko. Na biyu shi ne tsakanin haƙarƙarin farko da ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Na uku yana ƙarƙashin wata ƙaramar tsokar ƙirji, daf da hammata. Idan ɗaya daga cikin waɗannan wurare ya ƙara matsewa, abin da ke bi ta ciki sai ya danne. Tun a shekarar 1956 likitoci suka haɗa waɗannan matsaloli a ƙarƙashin suna ɗaya.

Ciwon ya kasu uku, gwargwadon abin da aka danne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu fama da shi jijiyoyin saƙo ne ke dannewa, kuma shi ne nau'in da ya kama Fultz, Harvey da Strasburg. Alamominsa sun haɗa da ciwo a wuya da kafaɗa, dindiris a ƙaramin yatsa da na kusa da shi, nauyin hannu da saurin gajiya, musamman idan an ɗaga shi sama da kai. Kaɗan ne ke fama da dannewar jijiyar da ke dawo da jini, waɗanda ke fama da ta mai kai jini kuwa sun fi ƙaranci.

Me ya sa ya fi addabar 'yan wasa?

Wasu da shi aka haife su, ta wata fuskar: ƙasa da mutum ɗaya cikin 100 kan zo duniya da ƙarin haƙarƙari a ƙasan wuya, wanda ke rage faɗin hanyar. Wasu kuma hatsari ne ke jawo musu, kamar karayar ƙashin da ya gitta ko fizgar wuya a mota. Ga 'yan wasa kuwa, sana'ar ce da kanta. Mai jifan besbol, mai ninƙaya, ɗan ƙwallon raga da ɗan ƙwallon kwando duk suna ɗaga hannu sama da kai sau dubbai a shekara. Tsokokin wuya da na ƙirji sai su yi kauri, su gajarce, wani lokaci su yi tabo a ciki. Allon kafaɗa ya sunkuyo gaba, ƙashin da ya gitta ya sauko kan haƙarƙari. Ƙarfin da aka gina don neman abinci shi ne ke komawa ya shaƙe jijiyar.

Ga mai aikin ofis, ɗan dindiris a yatsa biyu abin haƙuri ne. Ga wanda abincinsa ya rataya a kan sanin daidai lokacin da ƙwallo za ta bar yatsunsa, wannan ɗan bambanci na iya raba shi da sana'a.

Me ya sa gano shi ke da wuya?

Babu hoto ko gwajin jini guda ɗaya da ke tabbatar da nau'in jijiyoyin saƙo. Sau da yawa hoton MRI kan fito lafiya, gwajin gudun saƙo a jijiya ma haka. Likita kan dogara da labarin majinyaci da gwaje-gwajen hannu, kamar wanda ake sa mutum ya ɗaga hannuwansa biyu yana buɗe tafi yana rufewa na tsawon minti uku, a ga ko alamomin za su taso. Dole kuma a fara kawar da zargin wasu cututtuka masu kama da shi: zamewar faifan ƙashin wuya, yagewar tsokar kafaɗa, ko matsewar jijiya a gwiwar hannu da wuyan hannu. Akwai kuma allurar kashe zafi da ake yi wa tsokar gefen wuya. Idan ciwon ya lafa na 'yan sa'o'i bayan allurar, alama ce cewa nan matsalar take. Sai a shekarar 2016 ƙungiyar likitocin tiyatar jijiyoyin jini ta Amurka ta fitar da ƙa'idoji na bai ɗaya kan yadda za a riƙa tantance ciwon.

Wannan duhu ne ya cinye wa Fultz shekara guda. A kakarsa ta farko an ce masa rashin daidaiton tsokokin allon kafaɗa ne, ya rasa wasanni 68, ya buga 14 kacal. Shugaban harkokin wasa na ƙungiyar a lokacin, Bryan Colangelo, ya nuna cewa wataƙila sauya salon jifa da matashin ya yi ne ya jawo ciwon, yayin da ɓangaren Fultz ke cewa ciwon ne ya tilasta sauya salon. Masu sharhi da yawa suka yanke cewa matsalar a kansa take, tsoro ne kawai ya kama shi. Sai da wakilinsa, Raymond Brothers, ya janye shi daga wasa a Nuwamban 2018, ya zagaya da shi wurin ƙwararru daban-daban, sannan aka samu suna.

Muhimmancin wannan ga batun tiyata a bayyane yake. Wanda ba a tabbatar da inda jijiyarsa ta danne ba, ana iya cire masa ƙashi ya farka da ciwonsa.

Hanyar gashi

Abin da ake kira gashi a nan ya wuce ɗora tsumma mai ɗumi a kafaɗa. Manufarsa ita ce a buɗe hanyar da ta tsuke ba tare da wuƙa ba. Likitan fisiyo kan sassauta tsokokin gefen wuya da ƙaramar tsokar ƙirji, ya ƙarfafa tsokokin baya da ke riƙe allon kafaɗa don ya koma mazauninsa, ya koya wa majinyaci numfashi da ciki maimakon da saman ƙirji, domin tsokokin wuyan nan suna ɗaga haƙarƙarin farko ne a duk lokacin da mutum ya ja numfashi da ƙarfi. Akwai kuma atisayen da ke sa jijiya ta riƙa zamewa a hankali cikin hanyarta. Bayan haka sai a sake gina salon jifan tun daga tushe. Galibin likitoci kan ba wannan hanya watanni uku zuwa shida kafin su fara maganar tiyata.

Fultz ya tafi birnin Los Angeles wurin Judy Seto, ƙwararriyar da ta daɗe tana aiki da Kobe Bryant. An fara cewa zai dawo cikin mako uku zuwa shida. Bai sake buga wasan gasa ba sai a Oktoban 2019, kusan wata 11 bayan wasansa na ƙarshe, kuma a lokacin Philadelphia ta riga ta sayar da shi ga Orlando Magic tun Fabrairun 2019. A kakar 2019 zuwa 2020 ya buga wasanni 72, yana cin maki 12 a kowane wasa. Jifansa na fanareti ya tashi daga kashi 48 cikin 100 a kakarsa ta farko zuwa kashi 73. A Disamban 2020 Orlando ta ba shi kwantiragin shekara uku na dala miliyan 50.

Sai dai jifan nesa bai dawo ba. A waccan kakar kashi 27 cikin 100 ne suka shiga, nesa da 41 na jami'a. Gashi ya mayar masa da sana'a da albashi, amma bai mayar da tauraron da aka yi hasashe ba. Haka kuma hanya ce da ba ta da ranar gamawa: wanda ya bi ta yakan ci gaba da atisayen muddin yana wasa, domin abin da ya tsuke hanyar yana nan, an dai lallashe shi ne.

Hanyar tiyata

Tiyatar tana faɗaɗa hanyar ne ta cire abin da ya tare ta. Likita kan cire haƙarƙarin farko, ya yanke ɗaya ko biyu daga tsokokin gefen wuya, ya kuma share tabon da ya naɗe jijiyoyin. Wani lokaci akan saki ƙaramar tsokar ƙirji ma. Ana shiga ta hammata, salon da likita David Roos ya bayyana a 1966, ko kuma ta saman ƙashin da ya gitta. Wurin cike yake da abubuwa masu haɗari: saman huhu, manyan jijiyoyin jini, da jijiyar saƙon da ke motsa tantanin numfashi. Don haka iska na iya shiga kewayen huhu, jini na iya ɓallewa, jijiya na iya samun rauni, kuma sabon tabo na iya sake danne wurin bayan watanni.

Matt Harvey na ƙungiyar New York Mets yana cikin fitattun masu jifa a 2015, shekarar da ƙungiyarsa ta kai wasan ƙarshe na gasar besbol ta Amurka. A Yulin 2016 likita Robert Thompson ya yi masa wannan tiyata a birnin St. Louis. Ana auna mai jifa ne da matsakaicin makin da abokan hamayya ke ci a kansa cikin zagaye tara, kuma ƙarancin adadin shi ne nagarta. Na Harvey ya tashi daga 2.71 a 2015 zuwa 6.70 a 2017. Ya yi ta sauya ƙungiyoyi har ya yi ritaya a 2023.

Labarin Stephen Strasburg ya fi ɗaci. Shi ne gwarzon wasan ƙarshe na 2019, lokacin da Washington Nationals ta ɗauki kofi, kuma a Disamban shekarar ya sa hannu a kwantiragin shekara bakwai na dala miliyan 245. A Yulin 2021 aka cire masa haƙarƙari da tsokokin wuya biyu. Wasa ɗaya tak ya ƙara bugawa, a Yunin 2022, sannan aka tabbatar da ritayarsa a Afrilun 2024. Jaridar Washington Post ta ruwaito cewa ciwon ya kai har ɗaukar 'ya'yansa ƙanana na yi masa wuya.

Amma ba duk labaran tiyata ke ƙarewa haka ba. An yi wa Josh Beckett a 2013, a Mayun 2014 kuma ya buga wasa cikakke ba tare da ko mai bugu ɗaya na Philadelphia Phillies ya samu sa'arsa ba, abin da ba kasafai ake gani ba. Chris Young ma an yi masa a 2013, ya karɓi kyautar ɗan wasan da ya fi farfaɗowa a 2014, ya kuma ɗauki kofi da Kansas City Royals a 2015. Sannan Harvey da Strasburg duk an taɓa yi musu babbar tiyatar gwiwar hannu tun kafin wannan, don haka hannuwan da suka kai teburin likita sun riga sun sha wuya.

Me bincike ya nuna?

Hujjojin ba su da yawa. Wani nazari na cibiyar Cochrane a 2014 ya samu gwaje-gwaje biyu kacal da suka cika ƙa'idar raba majinyata ta hanyar ƙuri'a, kuma babu wanda ya gwada tiyata da gashi kai tsaye. A 2017 Thompson da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon masu jifa 13 na babbar gasar besbol da aka yi wa tiyatar: 10 sun koma gasar, a matsakaicin lokaci na kusan wata 11. Adadi ne mai ƙarfafa gwiwa, sai dai mutum 13 sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu, kuma ba a kwatanta su da waɗanda suka tsaya ga gashi ba.

A 2022 likitoci a birnin Eindhoven na ƙasar Holan suka wallafa gwajin da ya haɗa majinyata kimanin 50, aka yi wa rabi tiyata, rabi suka ci gaba da gashi. Bayan wata uku waɗanda aka yi wa tiyata sun fi samun sauƙi. Abin lura shi ne, dukkansu mutane ne da gashi ya riga ya gaza musu kafin a shigar da su gwajin, kuma ba ƙwararrun 'yan wasa ba ne. Darasin da ke ciki ya dace da tsarin da yawancin likitoci ke bi: a fara da gashi, idan ya gaza a koma ga wuƙa. Dalilin jerin kuwa mai sauƙi ne. Wanda ya gwada gashi bai yi nasara ba, ƙofar tiyata na nan a buɗe. Wanda aka cire wa haƙarƙari, bakin alƙalami ya bushe.

Lokacin da jira ke zama haɗari

Akwai yanayin da wannan jeri ba ya aiki. Idan jijiyar da ke dawo da jini ce ta danne, jini na iya daskarewa a cikinta, hannu ya kumbura ya sauya launi, kuma gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu. A nan ana narkar da gudan ne, a ba da maganin tsinka jini, sannan galibi a cire haƙarƙarin. Haka ta faru da Brandon Ingram na Los Angeles Lakers a Maris 2019, wata uku bayan an gano ciwon Fultz. An yi masa tiyata, ya koma New Orleans Pelicans, a 2020 kuma aka zaɓe shi cikin taurarin gasar, ya karɓi kyautar ɗan wasan da ya fi ci gaba. Sunan ciwonsu ɗaya da Fultz, amma abin da aka danne daban, shi ya sa maganin ya bambanta. Jijiyar jini kan buɗe da zarar an ɗauke mata nauyi, ita kuwa jijiyar saƙo da ta daɗe a danne tana warkewa ne a hankali, wani lokaci ma ba ta komawa yadda take.

Ko a nau'in jijiyoyin saƙo, idan tsokokin tafin hannu suka fara ramewa, musamman ta gindin babban yatsa, kuma gwaji ya nuna jijiyar na lalacewa, likitoci ba sa son jinkiri. Wannan yanayi ba shi da yawa.

Wa ke yanke hukunci?

A takarda, ɗan wasa ne ke da jikinsa. A aikace, akwai masu ruwa da tsaki da yawa a kan kafaɗar. Likitan ƙungiya ƙungiya ce ke biyansa, ita kuma tana son ɗan wasanta a fili da wuri. Wakili yana kallon kwantiragi na gaba. Shi kansa ɗan wasan ya san cewa shekarun ganiyarsa ƙidayayyu ne. Saboda irin wannan cin karo na buƙatu ne ƙungiyoyin ƙwadagon 'yan wasan NBA da na besbol suka sa a rubuta haƙƙin neman ra'ayin likita na biyu a cikin yarjejeniyarsu da masu ƙungiyoyi. Ciwon Fultz ya samu suna ne bayan ya fita neman likitocin da ba na ƙungiyarsa ba.

Kuɗi da shekaru na shiga lissafin. Fultz yana da shekara 20 da albashi tabbatacce, Orlando ma ta amince ta biya shi dala miliyan 12 na shekararsa ta huɗu tun kafin ya buga mata wasa ko ɗaya, don haka yana da halin haƙurin wata 11. Harvey kuwa saura shekara biyu da 'yan watanni ya samu 'yancin sayar da kansa a kasuwa, inda ake hasashen zai kwashi dukiya mai yawa. Da lokacin ya zo, kwantiragin shekara ɗaya na dala miliyan 11 ya samu daga Los Angeles Angels. Ga wanda ke cikin irin wannan yanayi, tiyata na da wani abin jan hankali da gashi ba shi da shi: rana tsayayya da jadawalin dawowa da za a iya nuna wa masu saye.

Tambayoyin da ke raba gardama ba su da yawa. Me aka danne, jijiyar jini ko ta saƙo? An tabbatar da wurin, ko zato ake yi? An ba gashi cikakken lokacinsa a hannun wanda ya san ciwon? Likitan da zai yi aikin, sau nawa yake yin irinsa a shekara? Sannan wanda ke ba da shawarar, wa ke biyansa? Ɗan wasan da ya samu amsar waɗannan daga bakin da ba shi da riba a cikin gaggawarsa ya fi kusa da zaɓin da zai iya rayuwa da shi, domin kwantiragi na ƙarewa cikin 'yan shekaru, hannun kuwa da shi za a tsufa.